Darasi Daga Manoman Masara na Farko

'Yan'uwa manoma, masarar da muke shukawa baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta kudancin Meziko ne, a nahiyar Amurka. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce, manoman can suka fara noman wata ciyawar daji mai suna teosinte, wadda kanta bai wuce tsawon yatsa ba. Kowace kaka sai su ware mafi kyau su ajiye iri, har a hankali ta zama masara. Ita ce ta ciyar da manyan biranen Maya da Aztek tun kafin Kolumbus ya isa nahiyar Amurka a 1492.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, sukan haɗa masara da wake da kabewa a gona guda. Wake ya hau kara, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyen kabewa ya rufe ƙasa, ya riƙe danshi, ya danne ciyawa.

Na biyu, kafin niƙa sukan dafa tsabar a ruwan toka ko na farar ƙasa, su wanke. Haka ke sa jiki ya sami sinadarin niyasin da ke cikinta. Inda aka karɓi masara aka bar wannan dabara, kamar arewacin Italiya, talakawa masu cin masara zalla suka kamu da ciwon pelagra: fata ta tsattsage, ga zawo, ga ruɗewar hankali.

Saboda haka, kada mu bar masara ta kori wake da gyaɗa daga gonakinmu, balle daga tukwanenmu.