Sauron Da Ya Daina Jin Magani A Birnin Zariya

Duk wanda ya zauna a majalisa a Babban Dodo ko Kwarbai da damina ya san ƙorafin. An fesa sheltos, an kunna na hayaƙi, an yayyafa fiya-fiya a lungun ɗaki, amma kafin a idar da sallar isha sauro ya dawo yana kuka a kunne. Galibi 'yan kasuwa ake ɗora wa laifi, a ce jabu suke sayarwa. Jabu kam akwai shi, amma ko maganin na gaske ne, sauron yau ba irin na zamanin kakanni ba ne.

Sauro iri uku ne suka fi addabar birni. Akwai anofilis mai cizon dare, wanda ke kawo maleriya, yana hayayyafa a ruwan da ya kwanta da gefen kududdufai. Akwai kyules, ɗan kwata da lambatu. Na ukun shi ne edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin bairos masu haddasa shawara da dengi da cikungunya da zika. Shi da rana yake cizo, musamman da safe da kuma la'asar, lokacin da gidan sauro ke naɗe.

Edis ya fi son ruwa mai tsabta, kuma a nan ƙarancin ruwan famfo ya yi masa rana. Gidaje da yawa a cikin ganuwa daga 'yan garuwa ko rijiya suke samun ruwa, su tara a randa da duro da jarka. Macen takan manna ƙwanta a jikin randa, sama kaɗan da bakin ruwa. Ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba, ranar da aka cika randar sai ya ƙyanƙyashe. Cikin mako guda zuwa kwana 10 sabon sauro ya tashi.

Cututtukan ba su yi nisa ba. Shawara ta sake ɓulla a Nijeriya a Satumbar 2017 a jihar Kwara, a 2019 kuma ta ɓarke a Alkaleri ta jihar Bauchi. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato. Matsalar dengi ita ce kamanninta da maleriya: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Mai ita sai ya nufi kemis ya sayi maganin maleriya, wanda ba ya taɓa bairos.

Shi kuwa taurin kan sauro tsohon labari ne a Arewa. A 1954 aka fara feshin ɗakuna a yankin Birnin Kebbi, a 1955 masana suka tarar anofilis ɗin wurin ya daina jin maganin dieldrin. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin dubban sauro ana samun 'yan ƙalilan masu wani bambanci a halitta. A wasu, wurin da gubar ke kamawa a jijiya ne ya sauya. Wasu kuma jikinsu ke samar da sinadaran da ke narkar da gubar kafin ta yi aiki. Feshi ya kashe saura, waɗannan su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji halin. Da yake sauro na sauya zuriya cikin 'yan makonni, shekaru kaɗan sun isa masu taurin su mamaye gari. Wani binciken masanan Jami'ar Bayero da aka wallafa a 2022 ya nuna edis ɗin Kano ma yana jure DDT da magungunan dangin fairetroid, dangin da ake sa wa gidan sauro da yawancin gwangwanayen feshi.

Gona ma na da hannu. Maganin ƙwarin da ake fesa wa tumatir da albasa a fadamun Galma da Kubanni dangi ɗaya ne da na sauro, kuma ruwa na wanke shi zuwa inda tsutsotsin anofilis da kyules ke girma. A gida kuma mutane na ƙara yawan feshi idan suka ga bai ci ba, har da zuba maganin gona irin Sniper a ɗakin kwana, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019 saboda haɗarinsa ga mutane.

Hukumomi sun koma sauya dangin magani lokaci zuwa lokaci. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gidan sauro mai haɗin magani biyu, amma wannan maganin mai cizon dare ne. Game da edis kuwa, a Yogyakarta ta Indonesiya an saki edis mai ɗauke da bakteriyar Wolbachia, dengi ta ragu da kashi 77 cikin 100.

A Zariya, aikin da ya fi kusa da hannu ba ya buƙatar guba. A juye randa da duro sau ɗaya a mako, a cuɗa cikinsu da soso don ƙwan ya fita, a rufe su ruf. A huda tsofaffin tayoyin da ke jibge a wurin masu faci ko a sa su ƙarƙashin rumfa, a kwashe gwangwanaye da fasassun tukwane daga bayan gida. Rigakafin shawara ana yi wa yaro a wata 9, kyauta a asibitocin gwamnati, kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ko ido ya yi rawaya, ko jini ya fito a dasashi, sai a garzaya Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko na koyarwa a Shika. Kafin a isa, farasitamol ne ya dace, domin asfirin da ibuprofen na ƙara zubar jini ga mai dengi.