Bakteriya: Me Ya Sa Kafso Ba Ya Maganin Mura?

A makon jarrabawar da ta wuce, abokin ɗakina a hostel ya kamu da mura. Ya je kemis ya sayo kafso ja da yalo guda huɗu, ya haɗiye biyu da dare, biyu da safe. Bayan kwana uku mura ta tafi, shi kuma ya dinga yabon magani. Na ce masa, "Mutumina, murar nan da ƙafarta ta tafi, kafson nan ko taɓa ta bai yi ba." Ya ce in rabu da shi da iyayin 'yan SLT. To, tunda ya ƙi saurarona a ɗaki, bari in yi bayanin a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Bakteriya halitta ce mai rai wadda duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak. Saboda ƙanƙantarta, sai ka jera ɗaruruwa kafin su cika milimita ɗaya. Wanda ya fara ganinsu ba likita ba ne, wani ɗan kasuwar yadi ne a ƙasar Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek, a 1676, da gilashin da ya goge da hannunsa.

Sirrin maganar yana cikin ginin jikinsu. Ƙwayar halittar mutum kamar gida ce mai ɗakuna. Akwai ɗaki na musamman da ake kira nukiliyas, inda ake ajiye DNA. Ita kuwa bakteriya, ɗakin ɗalibi ce: katifa, risho, littattafai, duk a wuri guda. DNA ɗinta, wanda galibi zobe ɗaya ne, yana zaune ne kawai cikin ruwan ƙwayar babu bangon da ya killace shi. Duk halittar da ba ta da nukiliyas ita ake kira furokariyot. Gida biyu ne: bakteriya da akiya. Sai a 1977 Carl Woese ya nuna cewa akiya dangi ne daban. Wasunsu suna rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi, wasu a tafkin gishiri, wasu kuma a cikin tumbin saniya.

Abubuwa biyu a jikin bakteriya su ne maganin yake hari. Na farko, mafi yawansu suna da katanga mai tauri a waje, wadda ƙwayoyin jikinmu ba su da ita. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, hana su gina katangar yake yi, sai ƙwayar ta kumbura ta fashe. Na biyu, ribosom, wato 'yar masana'antar da ke ƙera furotin. Ta bakteriya ta bambanta da tamu, kuma ita ce tetirasaikilin, wato ja da yalon abokina, yake toshewa. Yanzu ku duba: mura bairos ne ke kawo ta, kuma bairos ba shi da katangar nan, ba shi da ribosom. Shiga ƙwayoyinmu yake yi ya yi amfani da kayanmu. Me kafson zai doka? Babu. Haka ma zazzaɓin cizon sauro, ba bakteriya ba ce, maganinsa daban.

Wani zai ce, to ai ko bai yi amfani ba bai cutar ba. Nan ne fa kuskuren yake. Bakteriya rabewa biyu take yi, kuma idan ta samu abinci da ɗumi, irin su E. coli kan rabe duk minti 20. Yi lissafi: cikin awa 7, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Idan ka sha kafso ba bisa ƙa'ida ba, bakteriyar cikinka masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su cika wurin. Ba su tsaya nan ba. Suna da wasu ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid, waɗanda sukan miƙa wa juna kamar yadda muke tura wa juna handawut a waya. Ta haka dabarar jure magani ke yaɗuwa har zuwa ga masu kawo cuta. Ranar da taifot ta kama ka da gaske, sai a ba ka magani ya ƙi ci. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi tun 1945.

Kada kuma a ɗauka duk bakteriya abokan gaba ne. Gaskiya ne su ke kawo kwalara, taifot, tarin fuka da sanƙarau irin na lokacin zafi. Amma su ne ke mayar da madara kindirmo, su ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Tono saiwar gyaɗa ko wake za ka ga wasu 'yan ƙulli-ƙulli. Bakteriya ne a ciki suna zuƙo naitirojin daga iska suna ba shuka, shi ya sa gonar da aka yi wake take ƙara ƙarfi. Hanjinmu ma cike yake da su, suna taya mu narkar da abinci, kuma kafson da aka sha a banza su yake fara kashewa.

Saboda haka 'yan'uwa, in mura ce, a sha ruwa a huta. In zazzaɓi ya ƙi sauka, a je kilinik ɗin makaranta a yi gwaji. In likita ya rubuta magani, a sha shi yadda ya ce, ban da ajiye ragowa don wani lokaci ko ba wa aboki. Shi kuma abokin ɗakina, na san zai karanta wannan. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.