Shinge Mai Rai: Dashe Kaɗai Bai Isa Ba, Sai Da Aski



Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, mai lambu ya shiga ɗawainiya ke nan. Ko dai ya tara karan dawa ya yi darni, ko kuwa ya shiga daji da gatari ya saro ƙaya ya jibge a bakin lambunsa. Kafin bazara gara ta cinye gindin darnin, iska ta kwantar da shi, awaki sun sami ƙofa. Dare ɗaya ya ishe su su gama da tumatir da latas ɗin da mutum ya yi wata biyu yana yi musu ban ruwa. Baɗi kuma a sake sabon aiki.

Akwai hasara uku a cikin wannan. Karan da ya tafi darni abincin dabbobi ne, kuma shi ne ya kamata ya rufe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Ƙayar da ake sara tana ƙarar da ɗan dajin da ya rage mana. Ga kuma kwanakin aiki da ke tafiya a banza. Waya mai ƙaya kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

Maganin wannan ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun kewaye gidaje da gonaki da aguwa da dashi da bini da zugu, har yau kuma ana ganin ragowarsu a bakin burtali. Mutane da yawa sun gwada shinge mai rai, amma suka ce bai tsare musu kome ba. In ka je ka duba, sai ka tarar da jerin itatuwa dogaye, samansu cike da ganye, ƙasansu fayau, akuya tana wucewa ba ta ko sunkuya. Dalili ɗaya ne: an dasa, ba a yi aski ba. Abin da muke so mu yi bayani a kai ke nan.

Wane itace ya dace da wane wuri

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Babura, zuwa iyakar Nijar, jigawa ce mai rairayi da iska. A nan aguwa ta fi dacewa, gama tana jure fari, tana kuma riƙe rairayi, dabbobi ba su damu da ita ba. Wajen Roni da Gwiwa akwai duwatsu da tsakuwa da gangare inda ruwa ke zaizaye ƙasa. A nan dashi yana kamawa da kyau, haka kuma magarya. Masu lambu a bakin madatsar ruwa ta Kazaure da sauran fadamu suna bukatar shinge mai ƙaya sosai, watau magarya da bagaruwa a gauraye.

A gida, ko makaranta, ko asibiti, ko gaban shago, lalle ya fi kyau, domin yana karɓar aski, ganyensa kuma abin sayarwa ne. Darbejiya ma tana zama shinge idan ana yi mata aski a kai a kai, amma kada a kusantar da ita da kunyoyi, gama saiwarta tana da kwaɗayin ruwa. Zogale a dasa shi daga ciki, bayan shinge ya tsaya, domin awaki suna sonsa kamar yadda muke sonsa.

Gargaɗi biyu. Farin ruwan aguwa yana cutar da ido ƙwarai. 'Ya'yan bini da zugu kuwa dafi ne, kada a dasa shi inda ƙananan yara ke wasa.

Dashe a taƙaice

Aguwa da dashi da bini da zugu, reshensu ake yankowa a kafa. A yanko mai ƙwari, tsawon kamu biyu, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe, sa'an nan a kafa shi a ƙarshen bazara kafin ruwa ya zauna. In aka jira sai tsakiyar damina, da yawa za su ruɓe.

Magarya da bagaruwa kuwa, renonsu ake yi a leda tun watan Maris ko Afrilu. A fasa ƙwallon magarya a fitar da 'ya'yan. Irin bagaruwa a zuba masa tafasasshen ruwa a bar shi ya kwana a ciki. In ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, sai a dasa layi biyu, kamu ɗaya tsakanin dashe da dashe, watau wajen rabin mita. Kowane dashe na layi na biyu ya tsaya daidai da gurbin da ke tsakanin biyu na layin farko. Tilas a ci gaba da yin darni har shekara biyu ko uku, domin shingen da yake yaro ba ya iya tsare kansa.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a kira maƙwabci da mai unguwa su ga iyaka. A ja baya taku ɗaya cikin ƙasar mai shinge. Kada a tare burtali ko hanyar mashaya. Shingen da ya toshe wa makiyayi hanya rigima zai jawo, ba zai daɗe a tsaye ba.

Me ya sa aski ya zama tilas

Kowane itace burinsa ya yi sama. Tohon da ke kan reshe shi ne ke hana idanun da ke ƙasa da shi buɗewa. Muddin yana nan, itacen zai yi ta miƙewa da sanda ɗaya. Ran da aka yanke shi, idanun ƙasa sai su farka, rassa uku ko huɗu su fito a maimakon ɗaya. In aka sake yanke kan waɗannan, kowannensu ya sake rabuwa. Haka shinge yake cika tun daga ƙasa, inda akuya da tunkiya suke neman shiga.

Mutanen ƙasar Maraɗi sun nuna mana ƙarfin wuƙa a kan itace. Daga shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka fara abin da ake kira sassabin zamani: a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, a yanke sauran, sai kututture ya koma itace. Ta haka gonakin da fari ya tsiraita suka sake samun itatuwa. Su suna rage rassa ne domin itace ya yi tsawo. Mai shinge yana yanke kai ne domin itace ya yi faɗi. Ilimin ɗaya ne, hannun mai yanka ne ke nuna wa itace inda zai bi.

Yadda ake askin

1. Askin farko. Sa'ad da dashe ya wuce tsayin gwiwar mutum, a yanke kansa a daidai gwiwa. Wannan shi ne askin da manoma suka fi jin tausayin yi, shi ne kuma ya fi kowanne muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Shekara ta biyu a bar shi ya kai ƙugu, a yanke. Ta uku ya kai ƙirji. Daga nan a tsayar da shi tsakanin ƙirji da kafaɗa, wajen mita ɗaya da rabi. In ya wuce haka zai yi wa shuka inuwa, hannu kuma ba zai kai kansa ba.

3. Gindi ya fi kai faɗi, kamar jinkar ɗaki. Ta haka rana take samun rassan ƙasa. In kai ya fi faɗi, rassan ƙasa za su zubar da ganye su mutu, ƙofa ta buɗe.

4. A kafa turke a kowane ƙarshe, a ja igiya a daidai tsayin da ake so, a bi igiyar. Ido kaɗai yana ruɗin mutum.

5. A wasa adda sosai. A yi sara a karkace, daga ƙasa zuwa sama, domin kada reshe ya tsage, kada kuma ruwa ya kwanta a bakin yankan. Reshen da ya fi hannu kauri, zarto ya fi masa. Lalle da darbejiya na gida, babban almakashi ne nasu.

6. Dogayen rassan magarya da suka fito gefe, ba duka ake yankewa ba. A tanƙwaro wasu a saƙa su cikin na kusa da su a ƙasa ƙasa, su toshe gurbi.

Babban aski sau ɗaya ne a shekara, a ƙarshen bazara, wajen Afrilu ko Mayu, domin da ruwa ya sauka toho ya biyo baya nan da nan. Cikin damina a yi ɗan gyara a gefen da ke duban shuka. Kada a yi babban aski da kaka, sa'ad da ake shirin sakin dabbobi, gama lokacin ne aka fi bukatar shingen da kaurinsa. Shingen lalle na gida ko ofis yana son almakashi sau biyu ko uku cikin damina.

Tsohon shingen da ya riga ya zama jerin itatuwa ma yana gyaruwa. A datse shi a tsayin gwiwa a ƙarshen bazara, a kewaye shi da ƙayar da aka saro daga jikinsa, zai toho daga ƙasa. Amma a raba aikin kashi biyu ko uku, shekara shekara, kada a buɗe lambu gaba ɗaya.

Sauran kulawa

Saiwa ma tana son aski. In kun ga kunyar da ke kusa da shinge tana tsumburewa, ku haƙa siririn rami taku ɗaya daga gindin shingen, zurfin kamu ɗaya, ku datse saiwoyin da kuka tarar, ku mayar da ƙasa. A maimaita bayan shekara biyu.

Da kaka a share busasshiyar ciyawa taku biyu a kowane gefe, domin gobarar daji tana iya cinye aikin shekara uku cikin sa'a ɗaya. Shara kuma tana hana macizai da ɓeraye samun maɓoya. Duk inda dashe ya mutu a cike gurbin a daminar nan, kada a jira baɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai aski ya sa takalmi mai kauri da safar hannu. Mai yankan aguwa ya juya wa iska baya, kada ya taɓa idonsa sai ya wanke hannu da sabulu. In ruwanta ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti.

Abin da aka aske ba shara ba ne. Ganyen magarya abincin awaki ne, ƙayarta ta toshe gurbi ko ta kāre sabon dashe. Rassa masu kauri su tafi murhu. Ganyen lalle a shanya a inuwa a kai kasuwa. Rassan aguwa da dashi kuwa su ne irin sabon shinge.

Aikin ƙungiya

Ga wani lissafi. Lambu mai tsawon mita 50 da faɗin mita 50, kewayensa mita 200 ne. Layi biyu a rabin mita zai ci dashe 800, a kuma ƙara wajen 80 domin cike gurbi. Mutum huɗu masu irin wannan lambu, in kowa ya kewaye nasa, mita 800 za su dasa. In kuwa lambunan suna manne da juna, biyu gaba biyu baya, suka kewaye su da shinge ɗaya, mita 400 ne kawai. Rabin aiki ya tafi, rabin aski ma ya tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ban da wannan, askin shinge sana'a ce. A cikin garin Kazaure da sauran hedkwatocin ƙananan hukumomi akwai makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen ma'aikata masu shinge, da yawansu kuwa ba su da mai kula da shi. Ƙungiya tana iya sayen almakashi biyu, da zarto, da manjagara, da baro, ta koya wa samari uku ko huɗu aikin a shingen 'yan ƙungiya tukuna. In hannunsu ya faɗa, sai su fita neman aiki. Su auna tsawon shinge da igiya a gaban mai shi, a shirya kuɗi bisa tsawon kafin a fara, a kuma faɗi wanda zai kwashe rassan. Ya fi kyau a yi yarjejeniyar shekara, a sa watannin zuwa, da a jira sai shinge ya zama kurmi. Su share wuri kafin su tashi, gama mai gida ba zai sake kiran wanda ya bar masa ƙaya a hanya ba. Magatakarda ya rubuta kowane aiki a littafi, a ware wani kaso domin gyaran kayan aiki. Babban lokacin wannan aiki yana faɗowa ne da bazara, sa'ad da babu aikin gona, samari da yawa kuma sun tafi cin rani.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sa wannan magana a taronta na gaba. Ku zagaya tare ku duba shingayen da kuke da su, ku ware waɗanda za a datse da waɗanda za a cike. Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kayan aiki, ɗaya kuma ya kula da renon dashe. Ku nemi malamin gona na hukumar JARDA ko malamin daji na ƙaramar hukumarku ya nuna muku askin farko a kan shinge ɗaya, kowa yana kallo. Sa'an nan ku sa ranar gayya kafin ruwan fari ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.