In Hanya Ta Lalace A Kanya, Wa Za A Kai Wa Kuka?

Jama'a, duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san cewa da ruwa ya sauka, wajen watan Mayu, sai zancen hanya ya tashi, ba kuwa zai kwanta ba sai kaka. Kanya gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Danko da Wasagu, wadda babban ofishinta yake Ribah, mutanensa kuwa galibi manoma ne. Manomi ya noma dawa da masara, amma in mota ba ta iya shigowa, tilas ya sayar yadda ɗan kasuwa ya ga dama. Mace mai naƙuda kuwa sai a ɗora ta bisa babur. Har ila yau ga sha'anin tsaro: a watan Maris 2022 'yan bindiga sun kashe sojoji da 'yan sanda da dama a Kanya, saboda haka mutanen wannan wuri sun san amfanin hanyar da taimako zai biyo da sauri.

To, kuka dai ana yi, a kasuwa da tasha da bakin masallaci da coci. Abin tambaya shi ne, yana isa ga wanda alhakin gyaran yake wuyansa?

A zamanin En'e, sa'ad da ƙasar Zuru take cikin Lardin Neja, mai unguwa ke gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai gaba, sa'an nan a turo leburorin hanya. A 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a wannan shekara kuma aka sa Zuru cikin Jihar Sakkwato, har 1991 da aka fid da Jihar Kebbi. Amma har yau akwai dattawan da ke tsammani da sun gaya wa hakimi sun gama. Gaya masa yana da kyau ƙwarai, sai dai baitulmali ba ya hannunsa yanzu.

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne, kowane da mai shi. Akwai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda Ma'aikatar Ayyuka ta Abuja ke ginawa, hukumar FERMA kuma, wadda aka kafa a 2002, take yi musu faci. Akwai na Jiha, maganarsu tana Birnin Kebbi. Sa'an nan akwai titunan cikin gari, da hanyoyin burji na ƙauyuka, da magudanan ruwa, da fitilun titi. Waɗannan Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na 4, ya ɗora su kan Ƙaramar Hukuma. Watau mutumin Kanya da lambatu ya cushe a ƙofar gidansa, Ribah zai nufa. In ya aika takarda Abuja ya yi asarar tawada.

Wani lokaci akan ƙetare wannan iyaka. Hanyar Koko zuwa Dabai ta kan Mahuta, mai kilomita 87, ta Tarayya ce, ta daɗe a lalace, har Gwamnatin Jiha a ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau a 2023, ta ɗauki nauyin sake gina ta. Amma wannan babban gwadabe ne da manya ke bi. Kada mai kwalbatin da ya rufta a bayan gari ya zauna jiran irin wannan sa'a.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku, malaman ofis da malaman makaranta, gama ku jama'a ke zo wa su ce a rubuta musu. Yawancin takardun kuka da mukan gani, rabi kirari ne, rabi kuma zagi a fakaice, a tsakani ba a faɗi inda ramin yake ba. Ma'aikacin da ya karanta, ko yana da niyya, me zai rubuta a fayil? Sai a faɗi sunan unguwa, da daga ina zuwa ina, da tsawon wurin da ya ɓaci, ko da da taki aka auna. A faɗi abin da ya ɓata shi, ko zaizayar ruwa ce, ko kwalbati ya karye, ko manyan motoci. A faɗi tun yaushe, da abin da ya hana, ko 'yan makaranta ne ba sa ƙetarewa, ko motar asibiti. A roƙi abu guda wanda za a iya yi masa kuɗi, kamar kwalbati ɗaya ko zuba burji da bin gireda. Wanda ya ce a gyara dukan hanyoyin gari, bai roƙi kome ba.

A sa kwanan wata, mai unguwa da dagaci su sa hannu tare da jama'a, a haɗa da hoto tun da yanzu kusan kowace waya tana ɗauka. A kai wa Ciyaman, a ba kansila da shugaban sashen ayyuka kwafi. Wanda ya kai kada ya juyo sai an buga masa hatimi a kan nasa kwafin, don in an ce ba a gani ba ya fitar.

Lokaci ma abin lura ne, tun ran gini ran zane. Shekarar kuɗi ta gwamnati daga Janairu take farawa, ana shirya kasafi a watannin ƙarshen shekara, aikin hanya kuwa da rani ake yinsa. Takardar da ta isa a Agusta, ruwa na zuba, ba ta samun kome sai haƙuri; a sake tuna ta a Oktoba.

In an ce babu kuɗi fa? Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, 21 daga cikinsu a Kebbi, suna da rabo kowane wata daga asusun Tarayya, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Saboda haka ba rashin kunya ba ne a tambayi kansila, cikin ladabi, nawa aka ware wa hanyoyi bana, kuma ko Kanya tana ciki.

Mu ma da namu laifin. Ruwa shi ne babban abokin gaban hanya, mu kuwa mukan zuba shara a lambatu, wani ya ja katanga ya tare magudana. Samarin unguwa su yashe lambatu da aikin gayya kafin ruwan fari, a rubuta haka cikin takardar, a ce ga abin da muka yi, saura kwalbati wanda ya fi ƙarfinmu.