Lissafin waya da kunnen mai sassaƙa ƙarfe

Kai mai injin niƙa, ko mai famfon shayar da dabbobi, ko mai motar da ke jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya, ranar da sandar ƙarfen da ke juya injinka ta karye, wurin mai injin sassaƙa ƙarfe za ka nufa. To, kafin ya taɓa ƙarfen nan, abu biyu yake yankewa: sau nawa ƙarfen zai juya a minti ɗaya, kuma yaya bakin yankan zai riƙa shiga cikinsa. A nan kuɗinka yake.

Lissafin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Frederick Taylor, ya yi shekara 26 yana gwaji, ya gabatar da sakamakonsa a 1906. Ga misali. Ƙarfe mai taushi, idan da bakin yanka na gama-gari ne, ana so ya riƙa wucewa ta bakin kamar mita 30 a minti. Sanda mai kaurin milimita 50 za ta juya kusan sau 190 ke nan. Mai milimita 25 kuwa, sau 380. Siririya ta fi son gudu.

Yanzu akwai injunan da kwamfuta ke tuƙawa, waɗanda ake kira CNC, akwai kuma manhajoji irin su FSWizard da G-Wizard. Ka faɗa musu irin ƙarfen da irin bakin, su ba ka lambobi nan take. Masu wannan sana'a dai ba su zama baki ɗaya a kansu ba.

Masu yabo suna cewa manhaja tana hana yaro mai koyo ƙona baki mai tsada. Suna da hujja: da bakin kabayid, wato mai taurin nan, ƙarin gudu na kashi 20 cikin ɗari yakan rage kwanansa da kusan rabi. Tana kuma gyara kuskuren masu tsoro, domin shigar da baki a hankali fiye da kima ba yanka ba ne, guga ce, sai zafi ya taru bakin ya dakushe.

Tsofaffin hannu kuma suna cewa waya ba ta jin kukan inji. Ba ta san injin ya tsufa yana rawa ba, ba ta san wutar janareta tana sauka ba. Abin da ya fi damunsu, lissafin yana bukatar a san irin ƙarfen, alhali sau da yawa guntun tsohuwar mota ne aka tsinto, ba wanda ya san asalinsa. Su kan duba ɓarzajen da ke faɗowa. In ya yi shuɗi a kan bakin gama-gari, zafi ya yi yawa. In inji ya fara kakkarwa yana barin zane-zane a jikin ƙarfe, a sauya gudu.

A ganinmu, mai tsayawa a tsakiya ya fi gaskiya: ya ɗauki lambar waya ya fara da ƙasa da ita, sannan ya bi kunnensa. Makiyayi ma ai ba ya kiwo da takarda kaɗai.

Kai kuma, ka je da karyayyen ƙarfen don a auna. Ka tambaya da wane ƙarfe za a yi sabon. Kada ka tsaya a kansa kana cewa iyaka za ta rufe, ya yi sauri. Sandar da aka sassaƙa cikin gaggawa takan fito da kaushi, ta cinye boris cikin ɗan lokaci, ka sake biyan kuɗin mota zuwa gari.