Ruwa a ƙarƙashin kwantena: Yadda ake gano inda shagon caji ke yoyo kafin ya ci jari

Duk wanda ya bi babban titin Kano zuwa Maiduguri ta cikin Wudil zai ga kwantenoni da ƙananan shagunan ƙarfe jere a bakin hanya, musamman wajen kasuwa da kewayen Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. A cikinsu ake cajin waya, ake gyaran sikirin, ake sayar da kati da cirar kuɗi ta POS. Jarin matasa da yawa a cikin waɗannan akwatunan ƙarfe yake: batir, inbata, cajoji da wayoyin jama'a da aka ba su amana.

Da damina ta kankama, musamman a watan Agusta lokacin marka, sai mai shago ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da daɓen ya jiƙe, alhali rufin a bushe yake a ido. Abin da ya kamata ya fara sawa a ransa shi ne, inda aka ga ruwa ba lallai ne nan ya shigo ba.

Matsalar da masu tirelar kwana suka sani

A Amurka da Turai akwai tirelar da aka ƙera kamar ɗaki, da gado da kicin, ana janta da mota zuwa wuraren shaƙatawa. Galibi akan rufe ƙarƙashinta da falle na roba mai ramuka, a cusa abin riƙe ɗumi mai kama da auduga tsakanin robar da daɓen katako. Idan ruwa ya shiga ta rufi ko ta gefen taga, sai ya bi cikin bango ya gangara ya taru a kan robar nan. Wani lokaci kuma tayoyi ne ke fesa ruwan titi zuwa sama. Mai tirelar ba zai farga ba sai robar ta yi ciki ko katakon ya fara lotsawa.

Kwantenar dakon kaya ma kusan haka take. Daɓenta katako ne mai kaurin kimanin milimita 28, an ɗaure shi a kan ƙarafan da suka gitta ƙarƙashinta. Masu shago kan shimfiɗa ledar ɗaki ko kafet a kai, wasu su rufe bango da silin roba. Waɗannan kayan ado su ne ke ɓoye ruwan har ya yi ɓarna.

Yawan ruwan da rufi ke karɓa

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Kwantena mai ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 6 da faɗin mita 2.4, wato rufinta ya doshi murabba'in mita 15. Idan aka yi ruwa mai milimita 30 a dare ɗaya, sama da lita 400 ne suka sauka a kanta, fiye da jarka 16 ta lita 25. Huda mai girman kan ƙusa ta isa ta shigar da abin da zai jiƙa daɓe.

Hanyoyi huɗu da ruwa ke bi

Ta farko ita ce rufi. Rufin kwantena kusan a shimfiɗe yake, don haka duk inda ya lotsa ruwa zai kwanta, tsatsa ta ci wurin. Ƙafafun sola da aka ɗaure da noti su ma kafa ce.

Ta biyu ita ce duk inda mai walda ya yanka: taga, ƙofar gefe, wurin fanka da hudar da wayar sola ko ta janareta ke shiga. Kwantena takan fito daga kamfani a toshe, yawancin yoyon daga gyare-gyaren da aka yi mata daga baya yake. Wayar da ta gangaro daga sama kai tsaye zuwa cikin huda kuwa, ruwa binta yake yi har cikin shago.

Ta uku daga ƙasa take. Idan an ajiye kwantena a kan ƙasa tsirara, ruwan da ya kwanta zai taɓa ƙarafan gindinta, katakon ya tsotsi danshi ya yi naso. Wudil a bakin kogi take, kuma a unguwanni masu kwari ƙasa kan daɗe ba ta tsane ba bayan ruwa. Shagon da ke daf da titi yana da ƙarin matsalar ruwan da manyan motoci ke fantsamowa.

Ta huɗu ba ruwan sama ba ce sam, gumin ƙarfe ne. Da rana iska mai danshi ta yi zafi a ciki, da dare rufin ya yi sanyi, sai tururin ya koma ɗigo ya riƙa sauka kamar raɓa. Alamarsa ita ce a ga ɗigon ko'ina a rufi da asuba, ko da ba a yi ruwa ba.

Kafin a taɓa komai

A cire wutar NEPA, a kashe inbata, a raba sola da batir. A ɗauke soket ɗin caji daga ƙasa. Wayar da ke da lambar IP67 na iya jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, amma caja da soket da inbata ba su da wannan kariya. Jiƙaƙƙen daɓe a cikin ɗakin ƙarfe mai wuta haɗari ne ga rai, ba ga kaya kaɗai ba. Daga nan sai a yaye leda ko kafet a ga katakon da ido.

Gwajin haske

Wannan bai buƙatar ko sisi. Da tsakar rana mutum ya shiga, wani ya rufe ƙofa daga waje ya tsaya a wurin, a toshe taga. Bayan minti biyu ido zai saba da duhu, duk wata huda za ta bayyana kamar tauraro. Sai a zagaye ta da alli. Da wannan dabara masu duba kwantenonin dakon kaya ke aiki. A lura da gefen ƙofa sosai, domin robar da ke zagaye da ita takan bushe ta tsage saboda rana.

Gwajin buta

Mutum biyu ake buƙata da rana busasshiya. Ɗaya yana ciki da fitilar waya, ɗaya yana waje da buta ko tiyo. Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a hau sama: gindin bango, sai ƙasan ƙofa, sai taga, sai hudar waya, rufi shi ne na ƙarshe. A ba kowane wuri kamar minti biyar. Wanda ya fara da rufi zai jiƙa ko'ina a lokaci ɗaya, ya rasa gane ta ina ruwan ya bi.

Idan ana shakkar naso daga ƙasa ne, a manna ƙyallen leda a kan busasshen daɓe, a liƙe gefunansa huɗu da salatif a bar shi kwana ɗaya. In danshi ya taru a ƙarƙashin ledar, daga ƙasa yake tasowa. In a samanta ya taru, daga iska ko rufi yake.

Inda waya ke taimakawa

Ƙarƙashin kwantena ba wurin cusa hannu ba ne, saboda kunama da maciji. A ɗaura waya a sandar ɗaukar hoto, a kunna bidiyo da fitila, a zura ta a hankali. Hoton zai nuna ruwan da ya kwanta, tsatsar ƙarafa ko hanyar gara.

Akwai kuma 'yar kyamara mai doguwar igiya da ake jonawa ta kafar USB, tana da fitila a kanta, tana shiga bayan silin ba sai an ɓalle shi ba. Kafin a saya a tabbatar wayar na karɓar OTG. Na'urar auna danshin katako mai allura biyu ita ma tana da amfani: katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 yana cikin haɗarin ruɓewa. Kyamarar auna zafi irin FLIR One da ake maƙalawa a waya tana nuna jiƙaƙƙen wuri da launin sanyi, sai dai tana da tsada, kuma gwajin buta kan wadatar.

Gyaran da ke ɗorewa

Ƙaramar huda a rufi, a goge tsatsarta da burushin ƙarfe, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a liƙa tef mai kwalta. Babba kuwa sai mai walda ya sa faci, bayan an fitar da batir da duk abin da ke kama wuta. Gefen taga da hudar waya sun fi son gam na poliyuretan. Silikon mai warin tsami yana cin ƙarfe, ba a so a sa shi. Wayar sola kuma a lanƙwasa ta ƙasa da hudar kafin ta shiga, yadda ruwan zai ɗiga a waje.

Maganin naso shi ne a ɗaga kwantenar a kan bulo ko kankare a kusurwoyinta huɗu, domin nan ne aka ƙera su ɗauki nauyi, a bar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashi, a haƙa 'yar kwata ta kauce da ruwa. Rumfar kwano a saman rufi tana tare ruwa, tana rage zafi, tana kuma rage gumin dare. Ƙananan kafofin iska a sama da ƙasan bango za su ƙarasa aikin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da leda a kan katakon da bai bushe ba. Danshin zai maƙale, wari da ruɓa su biyo baya. A bar ƙofa a buɗe, a sa fanka na kwanaki har ya bushe. Inda sukundireba ta nutse cikin katako da sauƙi, wurin ya mutu, sai an canza shi.

Lokacin da ya fi dacewa da duk wannan dubawa shi ne watan Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Wanda damina ta riske shi bai duba ba, ya fara yau da ɗora batir da soket a kan teburi, ya jira ranar da gari ya yi wasai ya yi gwajin haske da na buta.