Kafin Ɗanki Ya Yi Hayar Babur A Tailan

Uwargida, in ɗanki zai je Tailan, da wuya ya dawo bai yi hayar babur ba, musamman a tsibirin Fuket. Ki tuna masa cewa can hannun hagu ake bi, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma dama. A kwana da shataletale sabo ke ruɗin mutum.

Ya tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa mai izinin babur, domin in babu shi, inshora kan ƙi biyan kuɗin asibiti. Hular kwano dole ce, har ga wanda aka goya.

Kada ya bar fasfonsa jingina, ya ajiye kuɗi. Ya ɗauki hoton babur ɗin kafin ya tashe shi, kada a ɗora masa tsohuwar ɓarna.